Tarihin Sa Ido a kan Kasuwar Cinikin Alkawari a Nijeriya Bayan Rikicin Kuɗi na 2008: Waiwaye Daga Garki

1.0 Gabatarwa

Garki tsohon gari ne da ya riga birnin Abuja kafuwa. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Dokar Soja mai lamba 6 ta shekarar 1976 wadda ta ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya, gundumar Garki tana cikin sassan da aka fara ginawa, ta kuma zama mazaunin ma'aikatu tun kafin gwamnati ta yi ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. A titin Zariya da ke Garki ne hedikwatar Babban Bankin Nijeriya ta zauna kafin ta koma dogon gininta na tsakiyar birni. Haka kuma adireshin gidan waya na bankin da na Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari duk na Garki ne. Wato ke nan, ko da yake manyan kasuwannin kuɗi suna Legas, ƙa'idojin da ake bi a cikinsu daga Abuja suke fitowa.

Manufar wannan muƙala ita ce bin diddigin yadda waɗannan hukumomi biyu suka tsara dokokin sa ido a kan wani nau'in ciniki da ya girgiza duniya a shekarar 2008, wanda a nan za a kira shi cinikin alkawari. Abin da tarihin ya nuna shi ne, Nijeriya ta ari dokokin da manyan ƙasashe suka tsara domin tsare kasuwa daga ɓarnar 'yan kasuwa, amma da matsala ta zo, sai ta ɓullo daga wurin da dokokin ba su tanada ba, wato daga Babban Bankin da kansa, wanda ya haɗa matsayin alƙali da na mai sayarwa.

2.0 Ma'anar Cinikin Alkawari da Kamanninsa a Ƙasar Hausa

Cinikin alkawari yarjejeniya ce da ake ƙullawa yau a kan abin da za a cika nan gaba, kuma darajarta ba ta tsayuwa da kanta, sai dai ta jingina ga farashin wani abu daban, kamar masara ko man fetur ko dala ko hannun jari. Misali, idan mai kamfanin abincin kaji ya amince da wani ɗan kasuwa cewa bayan wata uku zai karɓi buhu ɗari na masara a kan farashin da suka yanke yau, to ya tsare kansa daga tsada, shi kuma mai sayarwa ya tsare kansa daga faɗuwar farashi. Idan ranar ta zo, ɗayansu zai ga ya ci riba, ɗayan ya yi hasara, amma kowannensu ya sami natsuwar tsara al'amuransa tun da wuri.

Masana harkar kuɗi sun kasa wannan ciniki gida huɗu. Na farko shi ne alkawarin gaba, wanda mutum biyu ke ƙullawa a tsakaninsu bisa sharuɗɗan da suka ga dama. Na biyu shi ne alkawarin dandali, wanda kasuwa ce ke tsara adadinsa da wa'adinsa, kowa ya saya ko ya sayar a fili. Na uku shi ne cinikin zaɓi, inda mutum ke biyan wani ɗan kuɗi domin ya sami damar saye ko sayarwa a nan gaba ba tare da an tilasta masa ba. Na huɗu shi ne musanye, inda ɓangarori biyu ke musayar kuɗaɗe ko nauyin biya na wani lokaci, sa'an nan kowa ya mayar. Ta fuskar wurin ƙullawa kuwa, akwai cinikin fili da ake yi a dandalin kasuwa, akwai kuma cinikin keɓe da ake yi tsakanin banki da banki ba tare da sauran jama'a sun sani ba.

Bahaushe bai jahilci irin wannan mu'amala ba. A karkara an daɗe da sanin falle, inda manomi ke karɓar kuɗi da damina ya biya da hatsi da kaka, kuma an san yadda mai kuɗi kan yi amfani da matsuwar manomi ya danne shi. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cinikin salam, wanda aka halatta bisa sharaɗin a biya kuɗi a take, a kuma fayyace mudu ko nauyi da siffar kaya da ranar kawowa, domin a kauce wa garari. Game da canjin kuɗi da kuɗi kuwa, sun shardanta a yi shi hannu da hannu. Wannan ya nuna cewa tun da daɗewa an fahimci hatsarin da ke cikin sayar da abin da ba ya hannu.

Har ila yau, fatauci ya samar da nasa maganin. Binciken da Abner Cohen ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan, wanda aka buga a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanun arewa bashi, maigidan da falke ya sauka a wurinsa kuma shi ke tsayawa lamuni. Idan mahauci ya gaza biya, nauyin yana wuyan maigida, saboda haka dole ya san halin kowane mahauci da yawan bashin da ke kansa. Ana iya cewa duk gyare-gyaren da duniya ta yi bayan 2008 ƙoƙari ne na samar wa kasuwar kuɗi irin wannan maigida.

3.0 Rikicin 2008 da Matakan da Duniya ta Ɗauka

Kafin rikicin, cinikin keɓe ya bunƙasa a Amurka da Turai ba tare da cikakken sa ido ba. A 1998 shugabar hukumar da ke kula da alkawuran dandali a Amurka, Brooksley Born, ta yi gargaɗi game da hatsarinsa, amma manyan jami'an kuɗi na ƙasar suka ƙi goyon bayanta, kuma a shekarar 2000 aka yi dokar da ta cire mafi yawan wannan ciniki daga ƙarƙashin kulawar hukumomi. Zuwa tsakiyar 2008, jimlar kuɗin da aka rubuta a kan waɗannan yarjejeniyoyi a duniya ta haura dala tiriliyan 600.

Nau'in da ya fi yin ɓarna shi ne inshorar bashi, inda wani kamfani ke karɓar kuɗi bisa alkawarin zai biya idan wani mai bashi ya gaza. Kamfanin inshora na AIG ya sayar da irin wannan alkawari mai ɗimbin yawa a kan takardun bashin gidaje na Amurka, ba tare da ya ware isasshen kuɗin da zai cika shi ba. Da farashin gidaje ya faɗi, bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008, kashegari kuma hukumomin Amurka suka ba AIG rancen dala biliyan 85 domin kada ya ja sauran bankuna su faɗi tare. Babban abin tsoro a lokacin shi ne babu wanda ya san wa ke bin wa, ko nawa ne, don haka bankuna suka daina ba juna rance.

A watan Satumba na 2009 shugabannin ƙasashe ashirin masu ƙarfin tattalin arziki suka haɗu a birnin Pittsburgh, suka amince da matakai huɗu: a mayar da alkawuran da ke da tsari iri ɗaya zuwa dandalin fili, a riƙa bi da su ta gidan lamuni na tsakiya kafin ƙarshen 2012, a riƙa kai rahoton kowace yarjejeniya ga ma'ajiyar bayanai, sa'an nan a ɗora wa bankuna ƙarin jari a kan duk alkawarin da bai bi ta gidan lamuni ba. Gidan lamuni kamfani ne da ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya zama shi ne abokin cinikin kowannensu. Yana karɓar kafin alƙalami daga ɓangarorin biyu, yana kuma lissafa riba da hasara kowace rana, ta yadda wanda farashi ya juya wa baya zai ƙara ajiya nan take. Amurka ta sanya waɗannan matakai a cikin dokar Dodd-Frank ta watan Yuli, 2010, Tarayyar Turai kuma ta yi tata dokar a 2012.

4.0 Yadda Rikicin ya Iso Nijeriya

Nijeriya ba ta cikin ƙasashe ashirin ɗin nan, kuma a 2008 ba ta da kasuwar cinikin alkawari ta a zo a gani. Rikicin ya shigo mata ne ta wasu ƙofofi biyu. Ta farko ita ce man fetur, wanda farashinsa ya kai dala 147 kowace ganga a watan Yuli na 2008, ya kuma faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen shekarar. Ta biyu ita ce kasuwar hannayen jari. Bayan garambawul na 2004 zuwa 2005 a zamanin Farfesa Charles Soludo, wanda ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya kuma rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25, bankuna sun sami kuɗi masu yawa a hannu. Sai suka shiga ba mutane rance domin sayen hannayen jari, sau da yawa na bankin da ya ba da rancen, hannayen jarin kuma su ne jingina.

Muddin farashi yana hawa, kowa yana ganin riba. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, darajarta kuma ta kai kimanin naira tiriliyan 12.6. Da masu zuba jari na waje suka fara janye kuɗinsu, farashi ya rushe, har ma'aunin ya sauko zuwa wajen maki 20,000 a farkon 2009. Jinginar ta zama ba ta kai bashin ba, ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa da yawa suka wayi gari da bashi a wuya da takardu marasa daraja a hannu.

Malam Sanusi Lamido Sanusi ya zama gwamnan Babban Banki a watan Yuni na 2009. Bayan binciken littattafan bankuna, ranar 14 ga Agusta, 2009 ya sauke shugabannin bankunan Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ɗauki mataki a kan wasu, jimlar kuɗin ceto ta kai naira biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON domin ta saye rubabbun basussukan bankuna. A wannan shekarar ce Arunma Oteh ta kama aikin shugabancin Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, a watan Agusta kuma hukumar ta sauke shugabar Kasuwar Hannayen Jari ta Nijeriya, Ndi Okereke-Onyiuke. Hukumomin biyu suka kuma fitar da ƙa'idoji a kan rancen sayen hannun jari.

Darasin da hukumomin Abuja suka ɗauka daga wannan rikici bai bambanta da na Pittsburgh ba: hatsari yana taruwa ne a inda ake cin bashi a kan farashin gobe ba tare da idon hukuma ba. Saboda haka suka ɗauki hikimar nan ta cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, suka ƙudurta shimfiɗa doka kafin kasuwar ta girma.

5.0 Shimfiɗa Doka da Shigar Babban Banki Kasuwa, 2011 zuwa 2016

A 2011 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin cinikin alkawari a kan kuɗaɗen waje, inda ya fayyace nau'o'in da aka yarda bankuna su yi, ya kuma ɗora musu nauyin kai rahoto. Manufar ita ce a ba mai shigo da kaya damar sanin farashin da zai sayi dala nan da wasu watanni, domin a rage rububin da ake yi a duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin karya darajar naira. A cikin ƙa'idojin akwai tanadin cewa bankin da kansa zai riƙa sayar da dala ta hanyar alkawarin gaba. A lokacin ba a ɗauki wannan tanadi da wani nauyi ba, domin man fetur yana da tsada, asusun ajiyar waje kuma yana da ƙarfi. Bugu da ƙari, a watan Nuwamba na 2013 aka ƙaddamar da dandalin FMDQ a Legas, wanda ya fito da cinikin takardun bashi da kuɗaɗen waje tsakanin bankuna zuwa inda ake iya ganin farashi.

Al'amura sun canza bayan faɗuwar farashin mai da ta fara a tsakiyar 2014, shekarar da Godwin Emefiele ya zama gwamna. Bankin ya riƙe farashin dala a kan naira 197 zuwa 199 fiye da shekara guda, alhali wurin 'yan canji na Wuse Zone 4 a Abuja da Wapa a Kano farashin ya zarce naira 300. Buƙatun da ba a biya ba suka taru. Ranar 20 ga Yuni, 2016 aka saki farashin, dala ta koma wajen naira 280, bankin kuma ya ɗauki nauyin buƙatu na kimanin dala biliyan 4 a rana guda. Abin lura shi ne, mafi yawan wannan adadi ba a biya shi a take ba, an mayar da shi alkawarin gaba ne na wata ɗaya zuwa uku.

Mako guda bayan haka, ranar 27 ga Yuni, 2016, aka buɗe wani sabon ciniki a dandalin FMDQ, wanda ba a miƙa dala a cikinsa, sai dai a biya bambancin farashi da naira. Misali, idan kamfani ya ƙulla a kan naira 300 kowace dala, ranar cikar wa'adi kuma farashi ya kai 320, to za a biya shi naira 20 a kan kowace dala. Idan farashi ya sauka, shi zai biya. Babban Banki shi ne ya tsaya a matsayin mai sayarwa. A watan Fabrairu na 2020 aka tsawaita wa'adin irin wannan alkawari har zuwa shekara biyar.

Hujjar bankin a bayyane take: babu wani ɗan kasuwa da zai yarda ya ɗauki hatsarin faɗuwar naira, don haka in bankin bai tsaya ba, kasuwar ba za ta kafu ba. Amma wannan tsari ya haifar da yanayi mai wuyar sha'ani. Hukumar da ke yanke farashin naira, ita ce ke rubuta ƙa'idar ciniki, ita ce ke duba littattafan bankuna, kuma ita ce za ta yi hasara mai yawa idan naira ta faɗi.

6.0 Kafa Gidajen Lamuni, 2019 zuwa 2023

A ɓangaren Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, aiki ya tafi a hankali amma bisa tsarin da duniya ta amince da shi. A watan Disamba na 2019 hukumar ta fitar da ƙa'idojin cinikin alkawari da na rajistar gidajen lamuni na tsakiya. Sai dai akwai wani giɓi a dokar kamfanoni da ke hana ruwa gudu. Idan bankuna biyu suna bin juna bashi a kan yarjejeniyoyi da dama, ɗaya kuma ya karye, tsohuwar doka ba ta tabbatar da cewa za a goge bashi da bashi a biya ragowar kawai ba. Mai raba dukiyar bankin da ya karye yana iya neman a biya shi abin da yake bi gaba ɗaya, shi kuma ɗayan ya shiga layin masu jira. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agusta na shekarar, ta toshe wannan giɓi.

Bayan haka ne aka ƙaddamar da kamfanin NG Clearing a matsayin gidan lamuni a watan Disamba na 2021, dandalin FMDQ kuma yana da nasa mai suna FMDQ Clear. A watan Afrilu na 2022 kasuwar hannayen jari ta NGX ta fara cinikin alkawuran dandali a kan ma'aunanta guda biyu, a watan Yuli na 2023 kuma FMDQ ta buɗe nata a kan takardun bashin Gwamnatin Tarayya da farashin dala. Ta fuskar doka da tsari, ana iya cewa shekara goma sha huɗu bayan taron Pittsburgh Nijeriya ta samar da maigidan da zai tsaya lamuni. Sai dai alkawuran gaba na miƙa dala, waɗanda Babban Banki ke ƙullawa kai tsaye da bankuna a madadin abokan hulɗarsu, ba ta wannan hanya suke bi ba. Ba a neman bankin ya ajiye kafin alƙalami a hannun kowa, domin an ɗauka cewa ba zai taɓa gazawa ba.

7.0 Ranar Biya, 2023 zuwa 2025

Yadda wannan ciniki yake tafiya a wancan lokaci shi ne, mai masana'anta zai biya naira tun farko ta hannun bankinsa, Babban Banki kuma ya yi alkawarin ba shi dala bayan wasu watanni. Da wannan alkawari ne bankinsa zai buɗe masa takardar lamunin shigo da kaya, ya ciyo bashin dala a waje. Ga masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, waɗanda da yawansu ke dogaro da kayan sarrafawa da injuna daga waje, wannan tana cikin hanyoyin samun dala a farashin gwamnati a wancan lokaci. Da dala ta yi ƙaranci, sai wa'adi ya riƙa cika ba a biya ba, kuɗin ruwa kuma yana hawa a kan bashin waje.

A watan Yuni na 2023 aka dakatar da Emefiele, aka kuma haɗe farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700, kafin watan Fabrairu na 2024 kuma ta kai wajen 1,500. A watan Agusta na 2023 bankin ya buga rahoton binciken asusunsa na shekarun 2016 zuwa 2022, waɗanda ba a fitar wa jama'a a kan lokaci ba. Rahoton ya nuna cewa akwai nauyin dala biliyan 7.5 ga bankunan JP Morgan da Goldman Sachs bisa jinginar takardun ajiyar ƙasa, baya ga alkawuran gaba na biliyoyin dala. Daga baya bankin ya bayyana cewa a ƙarshen 2023, idan aka cire alkawuran gaba da musanye da sauran nauye-nauye na kusa, abin da ya rage a asusun waje bai kai dala biliyan 4 ba, alhali adadin da ake sanarwa ya haura biliyan 30.

Olayemi Cardoso, wanda ya zama gwamna a watan Satumba na 2023, ya tarar da alkawuran da ba a cika ba na kimanin dala biliyan 7. Ya ɗauki kamfanin Deloitte ya bincika su, a watan Fabrairu na 2024 kuma ya sanar cewa kimanin biliyan 2.4 daga ciki ba su inganta ba, saboda dalilai irin su rashin takardun shigo da kaya da sunayen kamfanonin da babu su. A watan Maris na 2024 bankin ya ce ya biya duk waɗanda suka inganta. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya ta yi ƙorafin cewa akwai 'ya'yanta da suka biya nairarsu bisa ƙa'ida amma aka bar su da hasara. A 2025 bankin ya bayyana kammala binciken, tare da mayar da naira ga waɗanda aka soke yarjejeniyarsu. Sai dai nairar da aka biya lokacin da dala take ƙasa da 500 ba za ta sayi ko rabin dalar da aka yi alkawari ba.

Ko wane ɓangare ne ke da gaskiya a kan kowace yarjejeniya, abu biyu sun fito fili. Na farko, ciwon da ya kama Amurka a 2008, wato rashin sanin wa ke bin wa da kuma alkawari ba tare da ajiya ba, shi ne ya bayyana a nan, amma a cikin gidan mai sa ido. Na biyu, wanda ya yi alkawarin shi ne ya naɗa mai bincike, shi ne kuma ya yanke hukuncin wanda za a biya. Hausawa kan ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

8.0 Dokar 2025 da Matsayin Manomi

A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Dokar ta ƙarfafa ikon hukumar a kan gidajen lamuni da ma'ajiyar bayanai, ta kuma yi tanadi a kan kasuwannin amfanin gona da takardun shaidar ajiya a rumbu. Wannan tanadi na ƙarshe ya taɓo wani tsohon giɓi. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomin gyaɗa da auduga da masara ya rasa wanda zai ba shi tabbacin farashi kafin kaka. Kasuwar da aka kafa a Abuja a 1998 domin hannayen jari, aka kuma mayar da ita ta amfanin gona a 2001, ba ta kai ga cike wannan gurbi ba, har a 2021 Babban Banki, wanda shi ne mai kaso mafi tsoka a cikinta, ya sanar da shirin zuba naira biliyan 50 domin farfaɗo da ita. A nan ma an sake ganin hukuma tana riƙe da sandar sa ido a hannu ɗaya da jarin kasuwa a ɗayan.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa tsakanin 2011 da 2025 hukumomin da ke Abuja sun shimfiɗa kusan dukkan matakan da duniya ta amince da su bayan rikicin 2008: ƙa'idojin ciniki, dandalin fili, gidajen lamuni, da dokar goge bashi da bashi. Wannan aiki ne da bai kamata a raina ba. Amma gazawa mafi girma da aka gani a wannan zamani ta faru ne a cikin alkawuran da aka bari a wajen wannan tsari, saboda mai ƙulla su hukuma ce. Maigidan Sabo yana iya tsayawa lamuni ne domin mutuncinsa da dukiyarsa suna cikin hatsari, kuma fatake suna iya sauka a wani gidan idan ya saɓa. Babban Banki ba shi da kishiya, don haka abin da zai tsare shi shi ne buga asusunsa a kan lokaci, bayyana adadin alkawuran da ke kansa tare da adadin ajiyar waje, da kuma samar da mai hukunci na daban idan saɓani ya taso tsakaninsa da waɗanda ya yi wa alkawari. Alkawari kaya ne, kuma nauyinsa ɗaya ne ko ɗan kasuwa ne ya ɗauka ko hukuma.